Mutanen Fir'auna: baƙaƙe ne ko farare?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana tarihin cikinmu, kuma da gaske nake neman amsa. Jiya bayan sallar isha'i 'yata da ke aji biyar na sakandare ta kawo mini waya, ta nuna mini bidiyon wani Ba'amurke baƙar fata yana rantsuwa cewa Fir'aunonin Masar duk baƙaƙe ne irinmu, mutanen da ke zaune a ƙasar yau kuwa daga baya suka zo suka mamaye. A ƙarƙashin bidiyon Misirawa sun yi ca a kansa, suna cewa ana son sace musu tarihin kakanni. Ta ce, "Baba, wa ke da gaskiya?" Na ce ta ba ni kwana biyu. Ni sanina da Fir'auna bai wuce abin da ya zo a Alƙur'ani ba, kuma ba na son in ba yarinya amsar shaci-faɗi.

Ɗan Afirka:
Wa'alaikumus salam Baba. Ba sai an kai kwana biyu ba, ka gaya mata mutumin ya faɗi gaskiya. Masar a Afirka take, ba a Turai ba. Su da bakinsu suke kiran ƙasarsu Kemet, wato baƙa. Hirodotus, Bagirken da ya je ya gani da idonsa wajen shekara 450 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa masu duhun fata ne masu murɗaɗɗen gashi. Shaikh Anta Diop na Senegal ya tattara hujjojin tun 1954, kuma a 1974 shi da Theophile Obenga suka je har Alƙahira, taron UNESCO, suka kare su a gaban manyan masana. Turawa ne suka ga gini ya ba su mamaki, suka ce ina, baƙar fata ba zai iya wannan ba. Daga nan aka fara yi mana fashin tarihi.

Malam Mai Alli:
Ɗana, sannu da ƙoƙari. Maganar fashin nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma zan ƙara maka hujja. A 1844 wani likita Ba'amurke, Samuel Morton, ya auna ƙoƙunan kan gawarwakin Masar, ya yanke cewa masu mulkin fararen fata ne, baƙaƙen cikinsu kuwa bayi ne da barori. A lokacin ana saye da sayar da mutane a ƙasarsa, ka ga maganar ta yi wa masu bayi daɗi. Flinders Petrie na Ingila ya zo ya ce wata ƙabila ce daga gabas ta shigo wa mutanen Nilu da sarauta. George Reisner ya haƙa garin Karma a Sudan tsakanin 1913 da 1916, ya tarar da ƙasaitacciyar daula, amma ya kasa yarda cewa ta 'yan ƙasa ce, ya ce sansanin gwamnonin Masar ne. Duk waɗannan maganganu sun rushe yanzu. Diop yana cikin waɗanda suka rusa su, kuma ba a banza jami'ar Dakar ke ɗauke da sunansa ba.

Amma hujjojinka biyu ba su da ƙwari. Kemet ƙasar noma ake nufi, baƙar lakar da ambaliyar Nilu ke bari duk shekara. Kishiyarta Deshret, jar ƙasa, wato hamada. Kamar dai manominmu ya ce wannan fadama ce, waccan jangargari. In ka ce Kemet baƙaƙen mutane ne, to su wane ne jajayen mutanen Deshret? Diop ya so a karanta kalmar a kan mutane, akasarin masu karanta rubutun tsohuwar Masar ba su bi shi ba. Hirodotus kuma, kalmar da ya yi amfani da ita Girkawa na faɗinta ga duk wanda ya fi su duhu, har nasu mutumin da rana ta dafa. Sannan ya zo ne shekara 2,000 da wani abu bayan an gina manyan dalolin Giza. Taron 1974 ma ba a tashi da baki ɗaya ba. An yaba da yadda Diop da Obenga suka shirya, an yarda tushen al'adar a Afirka yake, amma yawancin mahalarta ba su yarda cewa mutanen launi ɗaya ne daga Aswan har bakin teku ba.

Ɗan Afirka:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, irin wannan "ba launi ɗaya ba ne" ɗin ita ce ƙofar da kullum ake bi a ƙwace mana. Girkawa ma ba launi ɗaya ba ne, amma ban taɓa jin an yi musun cewa Turawa ne ba.

Ɗalibar Alƙahira:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Yaya Ɗan Afirka, bari in faɗi abin da idona ya gani, shekarata huɗu ke nan a ƙasar. Bara na shiga jirgin ƙasa na dare daga tashar Ramsis zuwa Aswan, tafiyar kusan kilomita 900. A Alƙahira masu hawa yawancinsu irin waɗanda za mu ce farare ne ko jajaye. Da gari ya waye, wajen Ƙina da Luksor, masu sayar da shayi a tasha wankan tarwaɗa ne, wasu sun fi haka duhu. A Aswan kuwa, mai kwalekwalen da ya tsallaka da mu ya fi babana baƙi. Babu tashar da zan nuna in ce ga inda farare suka ƙare baƙaƙe suka fara. A hankali abin ke sauyawa, kamar shigowar magariba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu kanmu yadda muke magana. A gidanmu ana cewa yayata fara ce sol, ni wankan tarwaɗa, autanmu baƙi wuluk. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ka kai mu Amurka, duk ukun sunanmu ɗaya. To "fara" ɗin da muke ce wa yayata da "fari" ɗin da Ba'amurke ke nufi ba abu ɗaya ba ne. Mu siffa muke yi, su akwati ne suke saka mutum a ciki. Tambayar da aka yi wa Ummi da akwatin Amurka aka yi ta.

A tsohon gidan tarihi na Tahrir akwai gumakan wani yarima Rahotep da matarsa Nofret, sun haura shekara 4,500. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, an saka musu idanu na dutse mai ƙyalli, in ka tsaya gabansu sai ka ji kamar za su yi maka sallama. Shi an shafa masa ja mai duhu kamar jan tukunya, da ɗan siririn gashin baki. Ita an yi ta fara mai ɗan rawaya. Haka masu zanensu suka saba, namiji ja mace rawaya, ko da 'yan gida ɗaya ne. Ka ga fenti ba hoto ba ne. A can kuma akwai gunkin katako na wani mai suna Ka-aper, mai tumbi da sanda. Leburorin da suka tono shi a Saƙƙara suka ce wallahi dagacin ƙauyensu ne sak, shi ya sa har yau ake kiransa Shaikhul Balad. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ƙi yarda cewa Misirawan yau 'yan zuwa ne.

Ba wai ban san ciwon da kake ji ba, Yaya. An sha bi na a titi ana "samara, shokolata". Wata rana a kasuwa wani mai shago ya faɗa mini maganar da na koma ɗaki na yi kuka. Amma matar da ta tsaya ta wanke shi tas a gaban jama'a 'yar Sa'id ce, kudancin Masar, kuma ta fi mahaifiyata duhu. Ita ma Bamisiriya ce. Da wane baki zan ce mata kakanninta ba nata ba ne?

Autan Hajiya:
To ai yanzu zamanin gwajin ƙwayoyin halitta ne. Me ya hana a gwada gawarwakin kowa ya huta? Anti Uwar Biyu, wannan fagenki ne.

Uwar Biyu:
Auta, an gwada, sai dai abin ba sauƙi. Zafin ƙasar da magungunan da suke shafa wa gawa suna lalata ƙwayoyin gado, ga hannuwan mutane da suka yi ta taɓa gawarwakin shekara da shekaru. Binciken da aka fi yawo da shi na 2017 ne, na masana daga Jamus. Sun ɗebi samfur daga gawa 151 na wani wuri da ake kira Abusir al-Malak, kusa da Fayyum. Sun samu gadon ɓangaren uwa na mutum 90, amma cikakken bayani na uwa da uba a mutum 3 kacal aka samu. Sakamakon ya nuna sun fi kusa da tsoffin mutanen Sham da Anatoliya, kuma Misirawan yau sun fi su gadon kudu da Sahara da kusan kashi 8 cikin 100. Jaridu suka ɗauka suka yi ta kururuwa kamar an gama shari'a.

Ɗan Afirka:
Anti, mutum uku! Daga gari ɗaya a arewa, inda baƙi daga Sham da Girka suka yi ta shigowa. Ina mutanen Luksor? Ina na Naƙada da Nekhen, inda sarautar ta faro tun kafin Narmer ya haɗe ƙasar wajen 3100 kafin Miladiyya? Kuma me ya sa ba a yawo da binciken 2012 da ya nuna Fir'auna Ramsis na Uku yana da layin gado na ɓangaren uba mai suna E1b1a, wanda ya cika Afirka ta Yamma?

Uwar Biyu:
Ƙanena, a kan mutum uku ka yi gaskiya, su masu binciken ma sun rubuta cewa wuri ɗaya ba zai wakilci ƙasar duka ba. In ƙara maka, a cikin ukun babu wanda ya rayu kafin shekara ta 800 kafin Miladiyya, wato an daɗe da gama dala kafin a haife su.

Amma maganar Ramsis ka riƙe ta da hannu biyu. Hasashe aka yi daga 'yan alamomi kaɗan. Ko da ya tabbata, layin uba zare ɗaya ne cikin saƙa. Ka koma baya hawa goma, kakanninka 1,024 ne a lissafi, wannan gwajin mutum ɗaya yake ba ka labarinsa. Ga misali a gida: maza da yawa cikin Hausawa da ƙabilun arewacin Kamaru suna ɗauke da layin R1b-V88, ɗan'uwan layin da ya fi yawa a yammacin Turai. Wa zai kalli Bakano ya ce Bature ne saboda haka?

Binciken da ya fi burge ni na watan Yulin 2025 ne. A karon farko an karanta cikakken gadon wani mutum na zamanin dalolin farko, wanda ya rayu tsakanin 2855 da 2570 kafin Miladiyya. A Nuwairat aka same shi, kilomita 265 kudu da Alƙahira, an binne shi a cikin babbar randa a kabarin da aka sassaƙa a dutse. Tun 1902 aka tono shi, yana ajiye a Liverpool. Ba a shafe shi da magani ba, daga haƙorinsa aka ciro samfurin. Ƙasusuwansa sun nuna dattijo ne da ya yi shekaru yana zama da miƙaƙƙun ƙafafu, kai a sunkuye, hannu na aiki, shi ya sa ake kyautata zaton maginin tukwane ne. Kusan kashi huɗu cikin biyar na gadonsa na tsoffin mutanen arewacin Afirka ne, mafi kusa da shi cikin samfuran da ake da su wasu manoma ne na dā a Maroko. Ragowar kashi ɗayan daga wajen Iraƙi ta yau. Sannan alamomin fatarsa sun nuna mai duhu ne, daga duhu har zuwa baƙi.

To ka gani. Ɗan Afirka ne, fatarsa da duhu, amma danginsa na kusa ba mutanen Afirka ta Yamma ba ne, ba kuma Turawa ba ne. Wanne akwati za ka saka shi? Shi ma dai mutum ɗaya ne, ina jiran ranar da za a gwada na kudu.

Ɗan Maiurno:
Salamu alaikum ya jama'a. Tun ɗazu nake karantawa, raina na ɓaci, ba da kowa ba, da yadda kullum ake tsallake mu. Ni haifaffen Maiurno ne a bakin Shuɗin Nilu, kakanninmu sun baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903. A Sudan in ana siffanta mutum ana cewa ahmar, asfar, asmar, akhdar, azraƙ, wato ja, rawaya, wankan tarwaɗa, kore, shuɗi. Mai duhu sosai shuɗi ake ce masa. Don haka maganar 'yar'uwa Ɗaliba na gane ta sarai.

Abin da ke ƙona mini rai, ana ta kokawa a kan Masar, ga Kush nan, tsohuwar daular Nubiyawa a arewacin Sudan, babu mai musu a kanta, amma babu mai waiwayarta. Dalolin Sudan sun haura 200, sun fi na Masar yawa. Na je na ga na Bajrawiyya, wato tsohuwar Marawi, babban birnin Kush, ina saurayi. Ƙanana ne masu tsini, rairayi ja ya rufe gindinsu, da yawa babu kai, saboda wani Ba'italiye mai suna Ferlini ya farfasa su a 1834 yana neman zinariya. Ranar da na je, daga mu sai mai raƙumi ɗaya.

Sarakunan Kush sun mulki Masar kanta kusan shekara 90, su ne gidan sarauta na 25. Piye ya taso daga Napata, gindin Dutsen Barkal, ya ci ƙasar har arewa. A allon dutsen da ya bari an rubuta cewa da ya shiga bargar wani sarki da ya ci da yaƙi, ya tarar an bar dawakai da yunwa, wannan ya fi ɓata masa rai a kan sauran laifofin mutumin. A maƙabartar Kurru har dawakansu suka binne a tsaye da kayan ado. Duk Bahaushen da ya san hawan sallah zai gane irin wannan sarki. Taharƙa ya yi mulki daga 690 zuwa 664 kafin Miladiyya, sai da Assuriyawa suka zo da ƙarfi suka tura su kudu. Marawi tana da rubutunta na kanta, an san yadda ake furta haruffan, amma har yau ba a gama fahimtar harshen ba.

Jikokinsu Nubiyawa fa? Da aka gina madatsar Aswan a shekarun 1960, ruwa ya cinye garuruwansu, aka kwashe kimanin mutum 100,000, wasu Kom Ombo wasu Sabuwar Halfa. Duniya ta tara kuɗi ta ɗaga gumakan Abu Simbel, mutanen kuwa aka zuba su a mota da jirgi. Yanzu kuma a yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Masu bidiyon nan nawa ne suka yi magana a kai?

Ɗan Afirka:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, Yaya. Wannan ta taɓa ni, kuma na karɓi laifi, ban taɓa rubuta komai a kan gidan tarihin Khartum ba. Amma ina tsoron abu ɗaya: an saba ce mana "ku ɗauki Nubiya ku bar Masar", kamar an ba yaro alewa don ya saki nama.

Malam Mai Alli:
Tsoronka yana da dalili, domin raba su da wuƙa ma kuskure ne. Kudancin Masar da arewacin Nubiya tun kafin Fir'auna na farko suke cuɗanya, tukwanensu da yadda suke binne mamaci sun yi kama. Da can Sahara kore ce, makiyaya na yawo da shanu a Nabta Playa, da ta bushe suka gangaro bakin kogi. Ta arewa kuma alkama da sha'ir da tumaki da awaki daga Sham suka shigo. Kogi ɗaya ne mai ƙofa biyu.

Su kansu yadda suka ga kansu yana nan a bangon kabarin Seti na Ɗaya. An zana jinsi huɗu: Bamisire ja mai duhu, Banubiye baƙi, mutumin Sham mai haske da gemu, Balibiye fari da gashin tsuntsu a ka. Sun ware kansu daga duka ukun, sunan da suke kiran kansu ma ma'anarsa "mutane". A takalman Tutankhamun an zana fursunoni ɗaurarru, na kudu da na Sham, don ya riƙa taka su duka. Amma wanda ya shigo ya ɗauki harshensu da addininsu ya zama nasu. Maiherpri, wanda takardar kabarinsa ta nuna shi baƙi ƙirin, a Kwarin Sarakuna, maƙabartar Fir'aunoni, aka binne shi, inda manyan fadawa da yawa ba su samu shiga ba.

Alaramma:
Jama'a, ni abin da ke ɗaure mini kai daban ne. Mutumin da ya ce "ana rabbukumul a'ala", ya yanka jarirai, Allah ya nutsar da shi, shi ne ake rububin a ce kakan wane ne? A Suratur Rum aya ta 22 Allah ya sanya saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, tare da halittar sammai da ƙasa. Aya abin lura ce, ba abin tinƙaho ba. Kuma in launi ake nema, a Bukhari Manzon Allah (SAW) ya siffanta Annabi Musa da cewa "adam" ne, wato mai duhun fata, dogo. Ga wanda ya kamata a yi murna da kama da shi.

Malam Mai Alli:
Allah gafarta Malam, gaskiya ne. Sai dai Fir'aunan Annabi Musa mutum ɗaya ne cikin sarakuna fiye da 100, a gidajen sarauta 30, tsawon kusan shekara 3,000. Ƙasar ba shi kaɗai ba ce. Akwai maginin tukwanen da Uwar Biyu ta ba mu labari, akwai masu sassaƙa kaburbura na Dairul Madina da suka ajiye kayan aiki a zamanin Ramsis na Uku saboda an jinkirta musu hatsin albashi. Akwai matsafan da suka faɗi suna sujada. Nana Hajara daga can take, haka Nana Mariyatul Ƙibɗiyya, kuma a Sahihu Muslim an yi wasiyya da kyautata wa mutanen Masar saboda alkawari da zumunci. Tambayar yarinyar nan a kan waɗannan mutanen ne gaba ɗaya.

Autan Hajiya:
Ni kuma na sha jin cewa Hausawa daga Masar muka taso, har wai harshenmu da nasu ɗaya ne. Akwai ƙamshin gaskiya?

Bazazzagi:
Auta, ƙamshi akwai, amma ba irin wanda ake faɗa ba. Hausa da tsohon harshen Masar 'yan babban gida ɗaya ne, wanda masana harshe ke kira Afro-Asiya. A cikinsa akwai Larabci da Ibrananci, da harshen Buzaye, da Somaliyanci da Oromo, da dangin Cadi inda Hausa take tare da Bole da Angas da Margi. Duba: mu "mutu", su m-w-t, Larabawa "mata". Mu "huɗu", wasunmu "fuɗu", su f-d-w. Mu "gidanka", su ma -k suke liƙa wa suna in na namiji ne, Balarabe ya ce "baituka". Mu "ta" ga mace, su -t a ƙarshen sunan mace. Irin wannan ba aro ba ne, gado ne.

To amma rabuwar ta faru dubban shekaru kafin a aza dutsen dala ta farko. 'Yan'uwan nesa ne, ba iyayenmu ba. Harshen da ya fito daga cikinsu kai tsaye shi ne Ƙibɗanci, wanda har yau ake addu'a da shi a cocin Ƙibɗawan Masar. Kuma ka duba masu magana da harsunan gidan nan: Bahaushe, Buzu, Basomale, Balaraben Sham. Kowane launi akwai.

Ina roƙon mu yi hattara da zancen "daga gabas muka zo". Turawan mulkin mallaka sun ƙirƙiro wani jinsi suka kira shi Hamawa, wai fararen fata ne da rana ta ƙona, wai su suka kawo duk wani abin kirki Afirka. Wani masanin Ingila, Seligman, ya rubuta haka ƙarara a 1930. Da wannan ma'aunin suka riƙa auna mu, wane mai dogon hanci an haife shi don mulki, wane kuwa don noma. A Ruwanda wannan tatsuniya tana cikin abin da ya share fagen kisan 1994. Masanin harshe Ba'amurke Joseph Greenberg ne ya rusa rukunin Hamawa a fannin harshe a shekarun 1950. Kada mu gudu daga gara mu faɗa gidan zago, mu ɗauki awon Bature mu juya shi kawai.

Autan Hajiya:
Na gode Yaya. Sarauniyar Masar Kiliyobatira fa, da aka yi ta rigima a 2023 da Netflix ta sa baƙar fata ta fito a matsayinta?

Malam Mai Alli:
Wannan mai sauƙi ce. 'Yar gidan Batlamiyus ce, kwamandan Iskandar na Makidoniya da ya shiga Masar a 332 kafin Miladiyya. Gidan Girkawa ne masu auren junansu. Ta mutu a shekara ta 30 kafin Miladiyya, tsakaninta da mu ya fi kusa a kan tsakaninta da ginin babbar dalar Giza. Ba da ita ake auna maginan dala ba.

Ɗan Afirka:
Na saurari kowa. Na janye maganar cewa Misirawan yau 'yan mamaya ne, Shaikhul Balad ya kayar da ni, kuma Kemet ma na bar wa Malam. Amma ga inda na tsaya, ba zan gusa ba. Maginin tukwanen nan na Nuwairat, da duhun fatarsa, a ɗauke shi a saka shi a motar haya a Alabama ta Amurka a 1955, zamanin wariyar launin fata. Gaba za a ce ya zauna ko baya? Kowa ya san amsa. Akwatin ba mu muka ƙera shi ba, amma da shi aka daki kakannin mutumin da ya yi bidiyon nan shekara ɗaruruwa, ana ce musu ba su taɓa gina komai ba. Sannan duk fim ɗin da za a yi sai a ɗauko mai shuɗin ido a naɗa masa rawanin Fir'auna, ba wanda ya kai ƙara kotu. Ranar da aka sa baƙar fata kuwa sai ƙasa ta ɗauka. Wannan bambancin fushin shi nake so a bayyana mini.

Ɗalibar Alƙahira:
Yaya, a nan ba ni da abin musu. Ƙyamar duhun fata tana nan a Masar, na ɗanɗana. A 1984 ma an hana nuna wani fim a kan tsohon shugaban Masar Anwar Sadat, kuma cikin abin da aka yi ƙorafi a kai har da cewa baƙar fata ne ya fito a matsayinsa, alhali mahaifiyar Sadat tana da jinin Sudan. Amma ka duba yadda akwatin yake rikita masu shi. A 1997 wani Banubiye ɗan Masar da ke zaune a Detroit ya kai gwamnatin Amurka ƙara, saboda a takarda an rubuta shi fari, don dokarsu ta ce duk ɗan arewacin Afirka fari ne, shi kuwa baƙi ne kowa na gani. Sai a Maris 2024 suka ware wa mutanen Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka nasu gurbin. A mota a tura shi baya, a takarda a ce fari ne. Ni dai ba zan ba wa wannan ma'aunin amanar kakannin kowa ba.

Baban Ummi:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ban zaci abin zai kai haka ba. Na miƙa wa Ummi wayar ta karanta da kanta tun daga sama. Ta daɗe a kan maganar yayarki fara sol, Ɗaliba, don ita ma haka ake ce mata a gida, ƙanwarta kuwa baƙa. Tana roƙon ki turo mana hoton Rahotep da matarsa in kin sake shiga Tahrir. Sannan tana tambayar Ɗan Maiurno, wai a Kush ɗin akwai mata da suka yi sarauta?

Ɗan Maiurno:
Akwai, Baba, Kandaka ake ce musu. Ka ce ta nemi Amanirenas, wadda ta yi yaƙi da sojojin Rum wajen shekara ta 25 kafin Miladiyya. Mutanenta sun ciro kan gunkin tagulla na Sarki Augustus suka binne shi ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta a Marawi, a nan aka tono shi a 1910, yanzu yana Landan. Ina da hotunan Bajrawiyya a tsohuwar wayata, in an kawo wuta zan caza in turo mata.